Daga Juma'a Zuwa Lahadi: Yadda Muka Tsara Riƙon Yaranmu Bayan Rabuwa

Ina cikin auna wa wata mata shadda a rumfarmu da ke Kantin Kwari sai ga wani mutum da jaka a hammata ya yi sallama, ya tambayi sunana. Na zaci mai saye ne. Ya zaro takarda ya miƙo mini, ya nuna inda zan sa hannu. Sammaci ne daga kotun shari'ar Musulunci. Mai ƙara ita ce matar da na saka wata tara da suka wuce, abin da take nema kuma a ba ta 'ya'yanta.

Kalmar nan ta "'ya'yanta" ta fi sammacin ƙona mini rai. Na ninke takardar na cusa a aljihu, na ƙarasa yanka shaddar a karkace, har matar ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Ba zan faɗi abin da ya raba mu ba. Shekara tara muka yi tare, Allah ya ba mu yara biyu: mace mai sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi, da namiji mai sunan mahaifina marigayi, muna ce masa Abba. A farkon 2021 na rubuta mata saki ɗaya. A daren ta tattara kayan sawarta da yaran ta tafi gidansu a Sheka, duk da cewa addini ya ce ta zauna a ɗakinta har ta gama idda. Ban ce ta zauna ba, ita ma ba ta nemi zaman ba. Manya sun yi ta kai-komo a kan kome, da farko ni na ƙi, daga baya da na fara saukowa ita ta ƙi. Idda ta cika, magana ta mutu.

Bayan mako biyu Hajiya ta kira yayata ta ce ta je ta ɗebo mata jikokinta. Babu wanda ya ga aibin wannan a gidanmu. Haka muka tashi muka gani: mace in ta fita, ɗa na uba ne, in yana shan nono a bar mata shi har ta yaye, daga nan a karɓo. Ni kaina ina da 'yan'uwa biyu da uwarsu ta fita suna ƙanana, a ɗakin Hajiya suka girma, kuma har gobe ana kafa misali da riƙon da ta yi musu. Yayata ta je da sunan yara za su yi hutun mako guda a Kurna. Makon nan ya zama wata huɗu. Ummi tana da shekara bakwai a lokacin, Abba huɗu.

Sau biyu Maman Ummi ta zo ganinsu. An shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, an kawo mata ruwa kamar baƙuwa, Hajiya na zaune a gefe tana jan carbi har ta tashi tafiya. A watannin nan Abba ya koma fitsarin kwance, abin da ya daina tun yana shekara biyu da rabi. Hajiya ta ce sanyi ne, ta sa aka jiƙa masa magani. Ni kuwa ina fita kasuwa suna barci, in dawo bayan isha, in ajiye musu tsire ko balangu, in tambaya lafiya, a ce lafiya. A ganina riƙo nake yi.

Ƙanin mahaifiyar Maman Ummi, wanda ni ma nake kira Kawu tun muna tare, ya taka har gida ya same ni. Na tarbe shi da girmamawa, na raka shi bakin titi, ban yi ko ɗaya daga abin da ya ce ba. Daga nan ta kai maganar ofishin Hisbah, aka kira ni, aka yi mana nasiha, aka gaya mini ƙarara cewa uwa ta fi ni haƙƙin riƙo. Na ce zan je in yi shawara da manya. Ban koma ba. Su sulhu suke yi, yanke hukunci na alƙali ne, don haka suka nuna mata hanyar kotu.

Kafin ranar zama wani abokina a kasuwa, wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya ja ni gefe ya ba ni shawara. Ya ce hanya ɗaya ce: in ce ba ta da kamun kai, yawo take yi, ba na amince mata da tarbiyyar 'ya mace ba. Ya ce ko shaidu nake so za a samu. Na ji shi, ban amsa ba, amma na shiga kotu da maganar a bakina.

Tun ƙarfe tara muke zaune a benci, ba a kira mu ba sai wajen sha biyu. Kafin mu an yi shari'ar gado, da ta wani da ya ci kuɗin adashi, da ta wata mai neman a raba aurenta. Da aka kira mu, ta tsaya a ɓangarenta cikin dogon hijabi, ta faɗi buƙatarta a taƙaice, muryarta na rawa. Alƙali ya juyo gare ni. Na zuba bayani: ina da hali, gidanmu da wadatar ɗakuna, gidansu a cike yake, mahaifiyata na nan da ƙarfinta, yarinyar ma takwararta ce, kuma a al'adarmu ɗa na uba ne. Ya bar ni har na ƙare, sannan ya fara tambaya.

"Ta yi wani auren?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Tana da taɓin hankali, ko wata cuta da kake jin tsoron ta shafi yaran?"

"Babu."

"Ka san ta da wani hali na rashin amana ko lalacewa, wanda za ka iya kawo shaida a kai?"

A nan ne maganar abokina ta taso mini har maƙogwaro. Na waiga, sai na haɗa ido da Kawu a bencin baya, ya dafa sandarsa da hannu biyu yana kallona. Shekara tara matar nan ba ta taɓa fita ba sai da izinina. Na ce, "Ban sani ba, Allah ya gafarta Malam. Babu." Cikin abubuwan da na yi a shekarar nan, wannan kaɗai nake tunawa ba tare da na ji kunya ba.

Sai ya jawo littafi ya karanto da Larabci, ya fassara. Daga Risala ta Ibn Abi Zaid ne, littafin da na yi wa karatun zaure ina saurayi, ban kuma taɓa lura da wurin ba: riƙo bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ya kawo hadisin matar da ta kai ƙarar mijinta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce mata ita ta fi cancanta da ɗan matuƙar ba ta yi aure ba. Na ce, to in ta yi auren sai su dawo hannuna ke nan? Ya ɗaga yatsu ya fara lissafi. In uwa ta yi aure ko ta rasu, sai mahaifiyarta. In babu, sai 'yar'uwarta. Sai an bi matan dangin uwa sannan a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uba. Yana ninke yatsu ina kallo, hannu ɗaya ya kusa ƙarewa ba a zo kaina ba. Wani a baya ya yi dariya, ɗan sandan kotu ya tsawatar.

Aka juya kan ciyarwa, wadda ita kam babu layi a cikinta, ni kaɗai ne. Ci, sha, sutura, magani, karatu. Ya tambayi abin da nake samu, na rage. Matar da ta yi shekara tara tana ganin lissafina ta yi gyaran murya, na ƙara kaɗan. Ya yanke naira 30,000 a wata ban da kuɗin makaranta da na asibiti. Ya tambaye mu ko akwai mai sauran magana kafin hukunci, muka ce babu. Ya ce in mayar da yara cikin kwana uku, wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Akwai abin da ya faɗa a ƙarshe wanda fushi bai bar ni na ji da kyau ba sai daga baya. Ya ce riƙo na uwa ne amma waliccin yara na nan a hannuna: in duba su, in yi musu tarbiyya, in sa su makaranta, kuma babu mai hana ni ganinsu. Bai ce ranar kaza ko ƙarfe kaza ba. Ya ce mu je mu daidaita a tsakaninmu, in mun kasa mu dawo.

Ban ɗaukaka ƙara ba, domin malamin unguwarmu da na je wa da ƙorafi ya buɗe littafin fiƙihu na Muhtasar ya nuna mini maganar ɗaya ce. Yayata ta mayar da yara, Hajiya ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ni kuma na shiga wani irin fushi na wauta. Kuɗin wata ina bayarwa, amma sai ya kai tsakiyar wata, kuma yaron shago nake ba wa ya kai. Wata biyu ban taka Sheka ba. Ina ganin ƙasƙanci ne in tsaya a ƙofar gidan da a da ake shimfiɗa mini darduma, in tari yaron unguwa in ce shiga ka ce ana sallama da Ummi.

Ranar da na daure na je, haka ɗin kuwa aka yi. Ummi ta fito da gudu. Abba ya leƙo daga soro, ya gan ni, ya koma ciki. Sai da aka jawo shi.

Daga nan na riƙa zuwa jefi-jefi, duk lokacin da na ga dama, ba sanarwa. Wani lokaci in tarar suna Islamiyya, in yi fushi in ce da gangan ake ɓoye mini su. Ni da uwarsu ba ma magana, don haka duk wani saƙo ta bakin Ummi yake bi. Mama ta ce takalmin Abba ya yanke. Ki gaya mata sai wata ya ƙare. Mun mayar da yarinya 'yar shekara takwas waya ba mu sani ba.

Asirin ya tonu ne a kan kuɗin makaranta na zango na uku a 2022. Ummi ta fito ta ce, "Baba, Mama tana gaishe ka, ta ce don Allah kuɗin makaranta." Kasuwa ta yi mini nauyi a makon, na ce, "Ki gaya mata ba haƙo kuɗi nake yi ba. Tunda kotu ta sani, ta je kotun ta biya mata." Ta sunkuyar da kai ta shiga. Mako na zagayowa sai ga wayar babban yayana, yana faɗa: me ya sa zan yi alkawarin kawo kuɗi ranar Asabar in saɓa, har uwar ta je ta ba hedimasta tabbaci, ga shi an koro yara gida? Na rantse ban yi alkawari ba. Ita ma ta rantse an kawo mata saƙon. Kowa na kiran kowa maƙaryaci, sai Kawu ya kira Ummi gefe, ya ba ta dabino, ya tambaye ta a hankali.

Ashe abin da uwarta ta ce shi ne, a gaya mini in ba zan iya ba in faɗa, ba a kaina aka fara ganin uban da ya gaza ba. Yarinyar ta zubar da wannan a soro ta kawo mini gaisuwa. Nawa kuma ta zubar da shi a wuri ɗaya, ta shiga ta ce Baba ya ce ranar Asabar. Watanni ta yi tana wannan aikin. Da Kawu ya ce me ya sa, sai ta ce, "In na faɗa yadda suka ce, faɗa za a yi."

Kawu ne ya kira ni ya maimaita mini wannan da bakinsa. Bai ƙara komai a kai ba, ya ce ranar Asabar bayan la'asar yana nemana a soronsa, in zo da yayana.

Mu biyar ne: Kawu, limamin masallacinsu, yayana, ni, sai Maman Ummi daga bakin ƙofar cikin gida, labule ya raba mu. Liman ya buɗe da addu'a, ya karanta ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Kawu ya fito da sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro. Ya ce, "Alƙali ya faɗi wanda zai riƙe, bai faɗi wanda zai sayi sabulu ba. Yau sabulun za mu rubuta."

Da kwanaki aka fara, kuma nan muka fi daɗewa. Na ce a raba daidai, mako wajena mako wajenta. Daga bayan labule ta ce, ba da ni take ba, da Kawu take: "Kawu, a tambaye shi wa zai taso da su daga Kurna su iso makaranta a Sheka kafin ƙarfe takwas, Adaidaita biyu, kullum." Ban da amsa. Na ce to a ba ni ƙarshen mako. Sai aka tuna Asabar da Lahadi da safe suna da hadda. Wanda bai taɓa zama ya lissafa ba ba zai gane ba: boko tana hutu Asabar da Lahadi, Islamiyya tana hutu Alhamis da Juma'a, saboda haka yaron Kano ba shi da wani lokaci da yake nasa sai yammacin Alhamis da na Juma'a. Yayana ya ce a cire su daga haddar ranar da suke wajena. Liman ya ce wannan kam ba da shi ba. Na ce a mayar da su wata Islamiyya a Kurna, ta ce Ummi ta kusa izu goma a hannun malama ɗaya, ba za a yi mata tsalle-tsalle ba. Muka yi kusan awa guda a kan wannan, shayi ya huce.

Abin da aka rubuta a ƙarshe: Juma'a ɗaya bayan ɗaya, in an sauko daga masallaci, in zo da kaina in ɗauke su. Ranar Asabar da Lahadi da safe ni zan kai su hadda in ɗauko su, ba yaron shago ba. In mayar da su Lahadi kafin magariba. A makon da ba nawa ba, in zo ranar Juma'a da yamma in zauna da su a soron Kawu, ba a tsaye a titi ba. Dogon hutu a raba biyu. Ƙaramar Sallah su yi ranar idi wajen uwarsu, tunda ita ke fama da kitso da lalle, washegari su zo su gaida Hajiya su kwana biyu. Babbar Sallah kuwa wajena za su fara, saboda Abba ba ya yarda a yanka rago ba ya riƙe da igiya.

Maganar kuɗi ba ta ɗauki lokaci ba, don kunyar abin da ya faru ta riga ta daure ni. Na wata ya shiga asusunta kafin biyar ga wata. Na makaranta in biya kai tsaye in turo hoton rasit. In yaro ya kwanta rashin lafiya kada a jira izinina, a kai shi asibiti, a kira ni a hanya, a ajiye takardun magani. Takardar haihuwa da katin rigakafi su zauna wajenta, in riƙe kwafi. Ba mai fita da yara daga Kano sai ɗayan ya sani.

Liman ne ya kawo sauran. Ba a ƙara aiken yaro da saƙo tsakanin iyayensa, ko na alheri ne. Ba a bugun cikin yaro a ji wa ke zuwa gidan, me aka dafa, me aka ce. Kuma ba a aibata uwa ko uba a gabansu, ko daga bakin iyaye ko daga bakin dangi. Da ya zo nan sai yayana ya ce, "To wa zai gaya wa Hajiya?" Duk muka zuba masa ido. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ku," aka yi dariya, har na ji ta bayan labule.

Saura ta yaya za mu riƙa magana, tunda yanzu ba muharramata ba ce, kuma duk wayar da muka yi a baya da faɗa take ƙarewa. Aka buɗe zaure a WhatsApp na mutum huɗu: ni, ita, Kawu da yayana. Maganar yara kaɗai. Mutum in ya san dattijo zai saurari abin da ya turo, yakan tauna kafin ya furta. Muka sa hannu, aka yi kwafi, littafin ya zauna wajen Kawu.

Rubutu daban, aiki daban. Juma'ar farko na zo na tarar da su a soro an yi musu wanka, kowa da ledar kayansa. A Adaidaita Abba bai ce uffan ba har Kurna. Ranar Asabar na makara kai su hadda, malamar ta tsayar da ni a bakin ƙofa kamar ɗalibi. A ranar na fara sanin cewa Ummi ba ta cin ƙwai, kuma Abba sai an bar masa fitila yake barci. Shekara huɗu ya yi a gidana, ban sani ba. Lahadi da yamma ya yi kuka ba zai koma ba, na ji wani daɗi a raina, Allah ya yafe mini. Daga baya na ji ashe ranar Juma'a ma sai da ya yi kukan ba zai zo ba.

Rigima ta farko a kan tufafi ta tashi. Duk kayan da na ɗinka musu, in sun tafi da su ba sa dawowa, sai a turo su da tsofaffi. Hajiya ta ɗauki mataki: ranar Lahadi sai ta tuɓe musu sababbin ta adana a akwatinta, ta mayar musu da waɗanda suka zo da su. Na gani na yi shiru, har ranar da Ummi tana ninke wata doguwar riga da take so ta ce, "Baba, rigar nan tawa ce ko ta gidan nan ce?" Na ce taki ce. Ta ce to me ya sa ba ta bin ta? Na buɗe akwatin na kwashe duka na zuba musu a jaka. Hajiya ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Sai ga 2023. A farkon shekara aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira: na tura kuɗi, suna cikin asusunta, amma ba ta da abin ba mai kayan miya, masu POS kuma sai sun yanki rabonsu mai tsoka. Watanni biyu na koma kai kayan abinci da kaina. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta. Na san sarai 30,000 ta daina kai su ko tsakiyar wata. Na yi gum, tunda abin da alƙali ya yanke ke nan. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta yi, ta rubuto a zauren nan farashin kwanon shinkafa, da na wake, da kwalbar mai, da kuɗin Adaidaita zuwa makaranta, na da da na yanzu, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Kawu ya turo murya: "Asabar bayan la'asar."

A zaman nan ne aka daina rubuta abinci da naira, aka koma rubuta shi da kwano: shinkafa kaza, masara kaza, wake kaza, mai kaza, ko nawa suka kai a kasuwa. Kuɗin cefane a kai, a riƙa duba shi duk bayan Babbar Sallah. Liman ya karanto ayar Suratuɗ Ɗalaƙ da ke cewa mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, ya ce ayar ta kama ni, ta kuma kare ni ranar da kasuwa ta juya baya. Ta kuwa juya sau biyu tun daga lokacin, na faɗa a zauren tun kafin wata ya ƙare, aka yi mini uzuri.

A ƙarshen shekarar na yi aure. Na sanar a zauren mako biyu kafin ɗaurin aure, don kada ta ji a bakin yara. An ɗan samu tangarɗa ranar da amarya, da kyakkyawar niyya, ta tsefe wa Ummi kitson da uwarta ta yi mata ta sake wani. Aka ƙara layi ɗaya a littafi.

Daminar 2024 wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe biyu na dare. Ba a zaure ba, kai tsaye, karo na farko cikin shekara uku. Abba ne, zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai har yana sanƙarewa, suna hanyar asibiti a motar maƙwabci. Da na isa an riga an sa masa ruwa. Na zauna a wannan gefen gadon, tana wancan. Wata nas ta zo da takarda ta ce mata, "Maman yaro, ba mijinki ya je ya sayo wannan allurar." Babu wanda ya gyara mata a cikinmu. Na karɓa na fita. Kafin asuba, da jikinsa ya yi sanyi, muka yi hira ta farko tun rabuwarmu, a kan gidan sauron da ya yage da kuma yadda yaron ke ƙin shan magani sai an murƙushe shi a cikin shayi.

Bara Kawu ya kira ni shi kaɗai ya ce Maman Ummi ta samu miji. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne lissafin yatsun alƙali, da tunanin ko layi ya matso. Hajiya kuwa har ta sa an share ɗaki, tana cewa jikokinta ba za su zama agola a gidan wani ba. Na koma wurin malamin unguwarmu. Ya ce in ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi, amma kan mahaifiyarta ya faɗa, tunda tana raye, da lafiyarta, kuma ba gida ɗaya za ta zauna da 'yar tata ba. Ya ƙara da cewa a mashahurin zance na mazhabarmu, riƙon da aure ya kayar ba ya dawowa ko da auren ya mutu. Da na gaya wa Kawu wannan sai ya ce ai ta daɗe da sani. Manema biyu ta mayar a shekarun nan saboda shi.

Muka sake zama. Yara suna nan a Sheka wajen kakarsu, a ɗakin da suka saba, makarantarsu ɗaya, malamarsu ɗaya. Juma'ata tana nan yadda take. Ɗaya Juma'ar, wadda a da nake zuwa soro, yanzu ta uwarsu ce, suna zuwa gidanta su kwana biyu. Ni na koma leƙa su ranar Laraba da daddare. Kayan abinci gidan kaka nake saukewa. Mijin nata ya zo har rumfa ya gaishe ni, muka sha lemo, ya sayi yadi goma bai nemi ragi ba, ni ma ban yi masa ba. Hajiya har yau ba ta yarda an yi mata adalci ba, kuma ɗakin da ta share yana nan a share.

Littafin Kawu saura shafi uku ya cika. Maganar da ke gabanmu yanzu ta sakandaren Ummi ce. Ni ina son ta kwana, uwarta na son ta jeka-ka-dawo, kakarta ta ce duk wanda zai raba ta da yarinyar ya zo ya faɗa mata a gabanta. An sa zama Asabar mai zuwa bayan la'asar. Juma'ar da ta wuce, muna cikin Adaidaita daidai Gadon Ƙaya, Ummi ta ce tana so a bar ta ta zauna a wurin, tunda ita za ta yi karatun. Na tura wa Kawu. Ya turo murya ya ce ta zo, ta zauna daga bakin ƙofa kusa da uwarta, kuma ta taho da sabon littafi.